Layi Biyu a Kan Allo

Ranar da ta fara koyar da kemistiri a makarantar, tana tsaka da bayanin yadda atam biyu ke haɗa elektiron su riƙe tare, malamin ajin gaba ya leƙo neman alli. Ya dubi allo, ya ga ta ja layi ɗaya tsakanin oksijin da oksijin. Bai ko yi sallama ba, ya karɓi allin hannunta ya ƙara na biyu.

"Elektiron huɗu suke tarayya a kai, Malama, ba biyu ba."

Yara suka tuntsire da dariya. Da gaskiyarsa, abin da ya fi ƙona mata rai ke nan.

Daga ranar ta raɗa masa Sarkin Sani, shi kuma yana kiranta Uwar Fushi. Akwatin ƙwallayen gwada atam ɗaya ne a makarantar, kullum sai sun yi rigima a kansa. Ta koma gida kuma ta zazzage wa babanta duk abin da ya yi.

Da Sarkin Sani ya ji malamin lissafi ya fara rage mata hanya a mota, sai ya kasa cin abinci. Ya tura mata saƙo: "Uwar Fushi, na yi kuskure. Ki ci gaba da faɗa da ni, amma kada ki sake shiga motar nan."

Ta amsa: "Ina ruwanka, Sarkin Sani?" Amma washegari a ƙafa ta tafi.

Ranar da ya zo gaisuwar neman aurenta, babanta ko wurin zama bai nuna masa ba. Ya ce wanda ya kunyata 'yarsa a gaban yara ba zai riƙe ta da mutunci a ɗaki ba. Ta yi kuka, ta ce ai ya canza.

"Ke kika cika min kunne da laifinsa, yanzu kuma ni ne mugu?"

Daga ƙarshe tsohon ya ce inda aka yi ɓarin, nan za a kwashe. Sarkin Sani ya tsaya gaban ajinta, ya nemi gafararta. Ta bar shi a tsaye har aka kaɗa ƙararrawa, sannan ta ce ta yafe.

A hutun ƙarshen shekara aka ɗaura aure. Babanta ya damƙe hannun angon, ya ce, "Ka san halinta, ba a ɓoye maka ba. Allah Ya ba ku zaman lafiya."