Tutar da Ke Bayan Nazir

Mardiya na tsaye a madafa tana kaɗa miyar kuɓewa, waya jingine jikin kwalbar mai, tana murmushi ita kaɗai. Saƙon Nazir take ta maimaitawa: kawunnansa za su hau jirgin ƙasa daga Lyon ƙarshen wata, su zo Sevran, kusa da Paris, neman aurenta.

Daga ɗakin da ke kusa, muryar yayanta Abdulrazak ce ke tashi.

"Jama'a, ku buɗe ido! A Amirka yau gardama ake a kan wa ke da iko da yaro, uwayensa ko lakkol, wato makaranta! Ana gardama a kan wane ne namiji, wace ce mace! Abin da ya faro can kuwa, nan zai sauka, daga nan ya wuce Damagaram!"

Aikin kwamfuta Abdulrazak ke yi a Paris, amma kowace Lahadi sai ya kafa kamara ya ɗauki shirinsa, Mu Farka. Yakan saurari masu sharhin Amirka 'yan ra'ayin riƙau, ya juya maganarsu zuwa Hausa, ya ƙara nasa. Daga La Courneuve ta gefen Paris har Maraɗi ana kallonsa. Mahaifinsu Alhaji Bukari, tsohon direban bas da ya yi ritaya, ba ya barin shirin ya wuce shi.

Suna cikin cin tuwo Abdulrazak ya fito, fuska a murtuke, ya ajiye waya gaban Alhaji.

"Baba, dubi surukin da za a kawo maka."

Hoto ne na zanga-zanga a wani titin Amirka. Ga Nazir a tsakiya, hannu sama, baki buɗe. Dab da kafaɗarsa, tuta mai launin bakan gizo, irin ta masu auren jinsi, tana kaɗawa.

"Innalillahi!" in ji Hajiya Fatsima, mahaifiyarsu, ta dafe ƙirji.

"Da ma na yi shakka," in ji Abdulrazak. "Mutum ya yi karatu a jami'ar Amirka, ya dawo bai taɓa faɗin uffan a kan abin da ake yi can ba? Na bincika. Ya goge duk hotunansa na can, Baba, duka! Wannan a shafin wasu na tono shi. Mai gaskiya me zai goge?"

"Yaya, ƙila dai..." in ji Mardiya.

"Ke, yi shiru! Me kika sani? Irinsu ba sa nuna kansu sai an ɗaura aure. Gobe ki haihu, ya ce a bar yaro ya zaɓi abin da zai zama!"

Mardiya ta shige ɗaki ta kira Nazir. Ko gaisuwa ba ta bari sun ƙare ba.

"Kai ne a hoton nan da na turo maka?"

Ya yi jim. "Ni ne."

"To, tutar fa?"

"Ba tawa ba ce, Mardiya. Wani bawan Allah aka kama kan takardu, muka fita dominsa. Kowa ya zo da tutarsa."

"Me ya sa ba ka taɓa gaya mini ba? Me ya sa ka goge?"

"Tsoro. Ina ɗalibi baƙo, biza gare ni. Franchement, gaskiya ban ɗauka zai zama magana ba."

Ta kashe wayar ta fashe da kuka. Tana son ta yarda, amma shirun nan da ya yi kafin ya amsa ya tsaya mata a rai. Ta shiga tuno hirarrakinsu ɗaya bayan ɗaya. Ranar da ta tambaye shi ra'ayinsa kan shirin Yaya, dariya kawai ya yi ya ce, "Yaya Abdul na da ƙoƙari." Me dariyar take nufi?

Lahadin da ta biyo, Abdulrazak ya saka hoton a shirinsa. Ya rufe fuskar, bai faɗi suna ba, sai dai ya ce, "wani injiniya ɗan ƙasarmu da ke Lyon, wanda ke neman shiga gidan mutunci." Injiniyoyi 'yan Nijar nawa ne a Lyon da suka yi karatu a Amirka? Kafin la'asar gwaggonni na ta bugo waya daga Damagaram. Alhaji Bukari ya aika wa kawunnan Nazir cewa su dakata.

Mardiya ta rame. Tana zuwa aikinta na kantin magani, ta dawo ta shige ɗaki. Abokiyar aikinta Sofia ta ce mata, "Mais enfin, haba, ke ba yarinya ba ce! Ku je mairie, ofishin magajin gari, ku yi aurenku, wa zai hana?"

"Auren da Baba bai sa wa albarka ba, ba na so," in ji Mardiya. "Kuma ni kaina ban san gaskiyar ba tukuna."

Nazir bai matsa mata ba. Kullum da safe saƙo ɗaya yake turowa, ya gaishe ta, ya ce a gaida su Baba. Ko sau ɗaya bai zagi Abdulrazak ba. Wannan ya fi komai tsaya mata a rai, don ta san zafin da yake ji.

Wata safiya ta durƙusa gaban mahaifinta bayan ya idar da lazimi.

"Baba, ban zo gardama ba. In ka ce a'a, na haƙura. Amma kai ka koya mana kada a yanke wa mutum hukunci ba a ji bakinsa ba. Ka je ka gan shi. Kada ka gaya masa kana zuwa."

Alhaji ya daɗe yana kallon idanunta da suka kumbura. Ranar Asabar ya ce wa Abdulrazak, "Sa takalminka. Ke ma Mardiya, ɗauko mayafinki. Lyon za mu."

Suka sauka a tashar Part-Dieu, suka hau taram, ƙaramin jirgin cikin gari, zuwa Villeurbanne inda Nazir ke zaune. Abdulrazak na ta faɗin, "Za ka gani da idonka, Baba." Ba su sami Nazir a ɗakinsa ba. Wani maƙwabci ɗan Chadi ya kwatanta musu zauren ƙungiyar 'yan Nijar, inda yake koya wa yara lissafi da karatun Alƙur'ani kowace Asabar.

Suka tarar da shi zaune shi kaɗai, kujeru jere ba kowa a kai. Ya miƙe a firgice, ya durƙusa.

"Baba! Sannu da zuwa. Ina gajiya? Ina su Mama?"

"Lafiya lau. Ina yaran?"

Nazir ya sunkuyar da kai. "Uwayensu sun janye su, tun bayan shirin. Ina dai zuwa in buɗe, ko wani zai dawo."

Alhaji ya zauna kan wata ƙaramar kujera. "To, ga ni. Gaya mini."

"Baba, a garin da na yi karatu akwai wani mutumin Tawa, Malam Youssouf, mai sayar da naman halal. Duk azumi a shagonsa muke buɗa baki, mu ɗalibai, bai taɓa karɓar ko sisi ba. Takardunsa ba su cika ba, aka zo aka kama shi, aka bar matarsa da 'ya'ya. Aka shirya fita. Masallaci ya fito, coci ya fito, masu wannan tutar ma suka fito. Ban kira su ba, ban kuma da ikon korarsu. Da na tsaya duba wa ke bayana, da ban fita ba. Amma na ci abincin mutumin nan, Baba. Ban iya zama a ɗaki ba."

"Labari!" in ji Abdulrazak. "Kowa na iya ƙirƙiro mahauci."

Nazir ya laluba aljihunsa. Ya danna waya ya miƙa wa Alhaji. Fuskar wani dattijo mai furfura ta bayyana, zaune gaban wata rumfa a Yamai. Malam Youssouf ne. Fitar ba ta hana a maido shi gida ba, iyalinsa kuwa suna can har yau. Suka yi doguwar gaisuwa, Alhaji ya faɗi ko shi wane ne.

"Alhaji, kai ne uban yarinyar?" in ji Malam Youssouf da Hausarsa ta Adar. "Wallahi yaron ga ɗa na. Sa'ad da anka kama ni, shi ka kai 'ya'yana lakkol. Waɗanda munka yi shekaru tare sunka ɓuya, shi ya hito. In ka hana mai ɗiya don wanga hoto, ni anka hana ma."

Mardiya ta rufe fuska da mayafi, hawaye na zuba.

Da aka kashe wayar, Alhaji ya ce, "Batun lakkol da tarbiyya fa? Ina ka tsaya?"

"Inda Yaya Abdul ya tsaya, Baba. Uwaye ke da iko da tarbiyyar 'ya'yansu. Yana cikin abin da ya sa na ƙi aikin da aka yi mini tayi can. Sai dai mutanen da Yaya ke juya maganarsu, na saurare su da Turancinsu. Wasunsu in sun gama batun lakkol, kanmu suke dawowa, mu baƙi, mu Musulmi. Shi ya sa nake yin shiru. Ban so in ɓata da yayan wadda zan aura."

Alhaji ya juya a hankali. "Abdulrazak, malaman nan naka, me suke cewa a kan irin su Malam Youssouf?"

Abdulrazak ya share zufa. "Ba dukansu ba ne, Baba."

"Waɗanda suke faɗa ɗin, me suke cewa?"

"Cewa suke... a kwashe su duka."

"Ban taɓa jin wannan a shirinka ba."

"Ina yanke wurin," ya faɗa da ƙaramar murya.

"Kana yankewa." Alhaji ya girgiza kai. "Baƙon da ba ka taɓa gani ba, ka rufa masa asiri, ka zaɓo mana mai daɗin maganarsa. Ɗan'uwanka Musulmi kuma ka zaɓo mafi muni a hotonsa ka nuna wa duniya. Ni ma da laifina, da na yarda ban tambaya ba. Gobe Lahadi. Inda ka ɓata shi, nan za ka gyara, da sunansa, da fuskarsa a buɗe."

Haka kuwa aka yi. Abdulrazak ya zauna gaban kamara, Nazir a gefensa, ya nemi gafara. Wasu masu kallo suka bar shi, suka ce an saye shi. Bai daina shirin ba, bai kuma sauya ra'ayinsa kan tarbiyya ba, amma daga ranar in ya kawo maganar mutum, yakan kawo ta har da ɓangaren da bai yi masa daɗi ba. Yara suka riƙa komawa zauren Villeurbanne kaɗan kaɗan, ko da yake akwai gidajen da har yau ba su maido nasu ba.

Bayan Babbar Salla aka ɗaura aure a Sevran. Da za a tafi da amarya Lyon, Hajiya Fatsima ta riƙe hannunta tana kuka tana dariya.

"Da kin gudu mairie, da kin rasa mu. Da kin bi zato, da kin rasa shi. Haƙurin da kika yi ne ya bar miki duka biyun."

Mardiya ta dubi Nazir, ta rage murya. "Ni ma na zarge ka, ka sani?"

"Na sani," ya ce. "Amma ke kika turo Baba."

Mai kishin tarbiyya ya fara da tsare harshensa. Hoto ɗaya ba ya isa shaida a kan mutum, kuma zaton da aka watsa cikin waya, ko an dawo an nemi gafara, ba duka yake goguwa ba. Kafin ka ɓata sunan wani don tsoron abin da ke faruwa a wata ƙasa, tashi ka je ka tambaye shi.