Kofin Lalla Nabiha

Ƙarfe uku na rana aka kira Sufeto Lotfi Jelassi zuwa wani kulob ɗin tanis a garin Monastir. An ɗauke kofin azurfa daga kabad lokacin da kowa ya tafi cin abinci.

"Na waye?" ya tambayi manaja, wanda ko ɗago kai daga wayarsa bai yi ba.

"Wata tsohuwar 'yar wasa ce ta ba kulob. Nabiha... Ghariani. Dama gobe za mu jefa shi sito, injin gahawa za mu sa a wurin."

Abin ya sosa wa Sufeto rai. Yana yaro, unguwarsu kaf ta taru gaban talabijin ɗaya ranar da matar nan ta ci kofin.

Ba a ɓalle kwaɗo ba. Ƙofar baya kuma filin tanis na jar ƙasa take kallo, amma babu sawu ko ɗaya. An share filin tas, har fararen layukan an goge musu ƙura.

"Ni na share," in ji tsohon mai gadi, Hedi.

"Cikin wannan ranar? To Baba, share mu gani."

Hedi ya ja ragar share filin a miƙe, ya kai ya komo. Sharar farko kuwa zagaye aka yi ta, daga gefe zuwa tsakiya, yadda ake koya wa 'yan wasan da.

"Ɓarawo kan share sawunsa," in ji Sufeto, "amma wane ɓarawo zai tsaya goge layi? Wa ka ba mabuɗi?"

Hedi ya sunkuyar da kai. Sufeto ya nufi gidan wadda ta ba da kofin.

A hawa na uku na wani tsohon bene Nabiha, wadda ake kira Lalla don girmamawa, take zaune ita kaɗai. Takalmanta na bakin ƙofa, jar ƙasa shaf a ƙasansu. Kofin yana kan tebur, ta goge shi yana ƙyalli.

"Shigo ɗana, shayi ya yi," ta ce. "Ni na ɗauka. Hedi bai da laifi, tausayina ya ji."

"Me ya sa kika goge layukan, Lalla?"

"Haba! In taka fili in bar shi haka? Ina 'yar shekara bakwai aka hana ni yin haka."

"Da kin roƙe su, ai da sun ba ki."

"Na je sau uku. Yarinyar da ke teburin karɓar baƙi ta tambaye ni ko jikata na zo ɗauka." Ta tura masa shayin. "Shekara tara ba wanda ya hawo benen nan da sunana a bakinsa, sai kai."

Ya shanye shayin, ya ɗauki kofin. Ya ce ta biyo shi ofis, amma ankwarsa ta zauna a aljihunsa. Suna sauka a hankali saboda gwiwarta, ta tsaya.

"Za a sa a jarida?"

"Wataƙila."

"To ka gaya musu su rubuta zakara. Kada su ce wata tsohuwa."