Hoton Ƙirjin Baba

"Muhyiddeen, ka san abin da kake faɗa kuwa?" in ji Nuriyya.

"Na sani, habibti! Ƙirjina za a ɗauka, a sa sunan Baba. Ina da mutum a wani asibiti wajen Al Rigga, khalas, magana ta ƙare!"

Bari ku ji yadda aka zo nan, 'ya'yana. Alhaji Labaran, mahaifin Nuriyya, shekara ashirin yana ɗaurin kaya a kasuwar Murshid Bazaar, can ƙasar Larabawa, kafin shanyewar ɓarin jiki ta kwantar da shi. Ita kaɗai ke jinyarsa a ɗan ɗakinsu na Hor Al Anz, ga aiki. Shi da bakinsa ya ce a kai shi gidan kula da tsofaffi, ta samu ta auri Muhyiddeen. To gidan ba sa karɓar kowa sai da takardar likita, a gwada jini, a ɗauki hoton ƙirji.

Hoton ne ya tona. Tarin da suka yi wata biyar suna ɗora wa sanyin AC, ana ta ɗura masa zuma da habbatus sauda, ashe tarin fuka ne.

Nuriyya ta ce, "Ka san tsofaffi nawa ne a gidan can?"

"Ina ruwanmu da..."

"Talatin da biyu! Akwai wata 'yar Sudan, da na'ura take numfashi. In kai mata ajali don in sa lalle?"

"Ni fa, Nuri? Shekara uku ina jiranki!"

"Na ajiye aiki. Da likita ya yarda Baba ya hau jirgi, Kano za mu koma."

"Kin san mutum tara ne a wuyana a gida. Ba zan iya binki ba."

"Na sani, masoyina..."

Daga cikin ɗaki tarin ya taso, mai tsawo, kamar ba zai tsaya ba. Sannan muryar tsohon: "Uwata... ki yafe mini."

Wayyo, nan ta durƙushe a bakin ƙofa tana kuka ba sauti. Muhyiddeen ya lalubi takalmansa.

Har ya kai matakala ta kira shi.

"Kullum kai ke ɗaga shi, yana tari a fuskarka. Don Allah ka je a ɗauki hoton... amma da sunanka."

Bai waiwayo ba. Ya dai gyaɗa kai, ya sauka.