Mutumin da Ya Amsa wa Iyalinsa

Shekara huɗu na yi ina yi masa aiki, don haka ba ji na yi ba, gani na yi. Dakta muke ce masa, ko da yake ba wanda ya taɓa ganin takardar da ta ba shi sunan. Sana'arsa jin ra'ayin jama'a. Mu shida ne a ɗaki ɗaya da wayoyi, muna kiran mutane muna tambayar wa suke so jam'iyya ta tsayar takarar shugaban ƙasa. Wasu su kashe waya, wasu su zage mu tas, da yawa su ce ba su sani ba tukuna. Shi kuma ya tattara, ya shiga rediyo ya yi fashin baƙi. Sau biyu yana faɗin wanda zai yi gaba, sau biyu yana shan kunya. Har mai gadin ofis yakan ce in Dakta ya ce za a yi rana, to ka ɗauki lema.

Da zaɓen fidda gwani ya matso, 'yan takara suka shiga zuba wa abokan sana'arsa kuɗi, shi kuwa ko kallo bai ishe su ba. Abin ya ci masa rai. Wata rana da azahar ya ce in ɗauko takardun tambayoyi in biyo shi.

Bayan wani tsohon gidan buga takardu muka shiga, ɗaki ba taga, wari kamar an rufe mushe. An ja waya daga bango zuwa bango, an rataye busassun harsuna a jere, kuma har gobe ban yarda duk na dabbobi ne ba. Wani boka yana zaune kan buhu yana yanke farce, gabansa ƙoƙon baƙin ruwa mai kauri, ƙudaje na kewaya shi ba sa sauka.

"So nake abin da na faɗa ya tabbata," in ji Dakta.

"Mutum nawa kake tambaya?"

"Dubu da ɗari biyu."

"Ni ɗaya nake so. Duk binciken da za ka fitar, takardar farko ka rubuta sunan wanda ke ci daga tukunyarka. Kada ka tambaye shi. Kai za ka amsa masa, da wannan tawadar."

"Shi ke nan? Ba rago, ba sa?"

"Me zan yi da rago? Amma ka ji da kyau: wanda ka amsa masa, ka amsa masa ke nan."

Dakta ya yi dariya a mota, wai ai cika takarda da sunan wanda ba a tambaya ba, kowa a sana'ar nan yana yi, yau kawai an ba shi tawada kyauta.

Da mahaifiyarsa ya fara. "Tsohuwa ce, ko katin zaɓe ba ta da shi," in ji shi. Ya ɗauko wani ɗan takara da ke can baya da kashi tara, ya ba shi ashirin da huɗu. Aka yi ta tsaki, amma kafin mako ya zagayo, binciken kowa ya nuna haka. Mu ma a waya sai muka ji mutane na faɗin sunan, cikin wata irin murya kamar masu magagi. Ɗan takarar ya aiko da manajan kamfen ɗinsa. Sai ga sabuwar mota, ga ofis mai sanyi, ga Dakta a talabijin yana ɗaga yatsa yana koya wa ƙasa yadda ake karanta alƙaluma.

Innar kuwa mace ce da ba abin da ba ta da ra'ayi a kai, daga gishirin miya har fentin gidan maƙwabta. Sai ta yi tsit. A ce, "Inna, a ɗaki za ki zauna ko a waje?" Ta ce, "Ban sani ba." A ajiye mata abinci ta zura masa ido, ta kasa yanke shawarar miƙa hannu. Likitoci ba su ga komai ba. Wata guda ta yi ta rasu, kwano cike a gabanta.

Dakta ya gane, wallahi ya gane. Amma ko kwana bakwai ba a yi ba ya rubuta sunan ƙaninsa. Shi wannan ya zo tsallaka titi, ya tsaya cak a tsakiya, bai yi gaba ba bai koma baya ba, har babbar mota ta yanke masa hukunci. Matar Dakta ta biyo baya. Ita ba ta mutu ba, tana nan tana wuni a bakin ƙofar ɗaki, ƙafa ɗaya ciki ɗaya waje.

Saura 'yarsa tilo, ɗalibar lauya, mai musu kamar ta ci baki. Kwana biyar kafin zaɓen, manajan ya zo ya ce, "Dakta, ka haye mana da ɗan takararmu kashi hamsin, wakilai su ga ba makawa. Oga ya ce kujerar minista taka ce."

Ni nake shigar da takardu a kwamfuta. Da na ga sunan yarinyar da baƙar tawada, sai na tashi na same shi. Na ce, "Dakta, ka ji tsoron Allah, ita kaɗai ta rage maka."

"Yarinya ce, za ta warke," in ji shi, bai ko ɗago kai ba. Na ajiye masa makullinsa na fita, kuma ina jin kunyar cewa sai a ta huɗu na fita.

Binciken ya fito, hamsin da biyu cif. Jajiberin zaɓe manyan jam'iyya suka kulle kansu a ɗaki, suka fito suka ce an yi maslaha, kowa ya janye wa wani can daban. Ko ƙuri'a ɗaya ba a jefa ba. Manajan ya daina ɗaukar waya.

Na je gidan sau ɗaya bayan nan. Na tarar da Dakta durƙushe gaban 'yarsa, rigarsa duk dauɗa, yana riƙe da ƙafafunta. "Ki ce kin yafe mini. Ko ki tsine mini, na yarda. Ki dai faɗi ɗaya." Ta dube shi ta daɗe, bakinta na motsi, ba ta iya zaɓar ko ɗaya ba. An ce kullum haka yake wuni.

Ban ji tausayinsa ba, ƙyama na ji. Kai da kwaɗayi ke ja zuwa irin wannan ɗaki, ka sani boka ba ya karɓar abin da kake iya sayowa a kasuwa. Daga cikin gidanka zai ɗiba, kuma da hannunka za ka miƙa masa.