Na Shida a Layin Mutum Biyar

Ranar gwajin kutsawa gida, ruwan sama ya cinye wa kurata rabin yini, shi ya sa layin su Tela bai samu shiga ba sai da rana ta yi ja. Tela ake ce masa don daga kan keken ɗinki ya taso ya shiga makarantar 'yan sanda, kuma har yau in ya ga ɗinkin banza a jikin mutum ba ya iya yin shiru.

Aikin a baki ba wuya. Mutum biyar a jere, kowa da bindigar katako, hannun hagu a kafaɗar na gabansa. Na ƙarshe ya matsa kafaɗa, matsin ya bi layi har na farko, alamar an shirya, sai a faɗa ɗaki. Doka ɗaya ce Saje, mai horar da su, ba ya ɗaga ƙafa a kanta: ba a sakin kafaɗa. Sau biyu Tela yana saki don ya share gumi, sau biyu Saje yana wanke shi tas a gaban jama'a. In ya ƙara na uku, sai akwati da tasha. Ga mahaifiyarsa ta riga ta gama shaida wa dangi ɗanta ya zama ɗan sanda.

Saje ya dubi sama, ya dubi babban jami'in da ya zo sa maki.

"Yallaɓai, a bar waɗannan zuwa safe."

"Yau zan rufe takardata, Saje."

Saje ya zo daidai kunnen Tela, wanda aka sa a ƙarshe. "Kome ka ji, ka riƙe. Kada ka waiga."

Gidan atisayen bulo ne tsirara, ɗaki huɗu da dogon lungu, ba taga. Warin kashin jemage ya tarbe su. Tela ya damƙi kafaɗar Sarkin Barci, maƙwabcin gadonsa. Ɗakin farko lafiya. Na biyu lafiya. Suka jeru a ƙofar na uku, ruwa na ɗiga daga kwano, ɗis, ɗis.

Aka matsa kafaɗar Tela.

Shi ma ya matsa ta Sarkin Barci, yadda wata uku na horo suka koya wa hannunsa. Layi ya motsa. Sai da ya yi taku uku ya tuna shi ne na ƙarshe.

Hannun bai ɗaga ba. Sanyinsa ya ratsa kaki, yatsun sun zarce har ƙashin wuyansa. Takalma biyar na tafiya a kan siminti, a bayansu kuma tafin ƙafa tsirara, jiƙaƙƙe. Wari ya sauya, ya koma na tufa da ta shekara da shekaru a rufe cikin akwati. Tsoro ya kama Tela, irin wanda bai taɓa sani ba.

"Sake shi," aka raɗa masa. "Akwai ɗakin da ba ku duba ba."

Ta gefen ido ya ga ƙofa a hagu, a buɗe. Ta biyar.

Hannun ya fara ja.

Tela ya nutsa farce cikin rigar abokinsa.

"Kai, za ka ɓalla mini kafaɗa," in ji Sarkin Barci ƙasa-ƙasa.

"Yi ta tafiya. Don Allah."

Dugadugansa suka fara zamewa baya. Ya ji zaren kafaɗar rigar yana tsinkewa ɗaya bayan ɗaya. Ɗinkin da rigar ta zo da shi daga sito ya tafi. Saura layi biyun da shi kansa ya bi da allura makon jiya, don haushin ganinsa.

Su suka riƙe.

Hasken magariba ya bugi fuskarsa. Nauyin ya ɗaga.

"Ƙirga!" in ji Saje.

Ɗaya, biyu, uku, huɗu. Tela ya ce biyar da guntuwar murya.

Daga cikin lungun, a hankali, aka ce, "Shida."

Jami'in yana ta rubutunsa. Sauran huɗun suna ta haki. Saje ne kaɗai ya runtse ido.

Bayan an watse ya sami Tela a bakin famfo, ya dubi shatin yatsu da ya yi baƙi a kafaɗarsa.

"Ka ci," ya ce. "Kuna ce mini mugu, na sani. Shekarar da nake kurtu, mu ma magariba ta same mu a ciki. Na ƙarshenmu ya saki. An tone gidan nan har tushe, ko hularsa ba a gani ba."

"Kafaɗar wa ya saki, Saje?"

Saje ya taɓa tasa, ya juya ya tafi.

Tela ya gama makaranta, mahaifiyarsa ta rataye hotonsa a ɗaki. Yau shi ke horar da kurata a gidan nan, kuma sun ce ya fi tsohon Saje mugunta. Kafin kowane layi ya shiga, sai ya bi su ɗaya bayan ɗaya yana jan ɗinkin kafaɗa. Wanda ya ga ya yi sako-sako, da kansa yake zama ya ɗinke.