Abin da Inna Ta Kasa Faɗa wa Yayanta

Inna ta dangwarar da fostar a kan tabarma, gaban Auta.

"Wannan ce matar da za ka kawo min? Fuskarta a kowane bango, har jikin shagon mai faci!"

Auta ya sunkuyar da kai. Shekara bakwai yana jan babbar mota a wata ƙasa, budurwarsa Nas, ma'aikaciyar asibitin unguwa, tana jiransa. Ya dawo, saura wata biyu biki, sai ga ta ta fito takarar kansila.

"Inna, da hijabinta fa…"

"Rufe min baki! Addini bai yarda ba. Ko ta janye, ko a fasa auren!"

Ya sami Nas a barandar asibiti, ya faɗa mata. Hawaye ya zubo mata.

"Ba zan ce ka saɓa wa Inna ba. Amma matan unguwa ne suka saya min fom. Me zan ce musu?"

Ba ta janye ba, ba ta kuma daina zuwa gaida Inna ba, ko da ba a amsawa. Auta ya rame, ko hon aka yi sai ya zabura.

Ranar nan Inna ta kai ƙara wurin yayanta, Kawu Liman, Auta na biye da ita.

Kawu ya saurara, sannan ya ce, "Na ji kuna ta ƙorafi kan ɗakin haihuwar asibitin nan. Me ke damun ku? Faɗa min, in kai wa kansila."

Inna ta ja mayafi ta rufe fuska.

"Haba Yaya! Wannan ai ba maganar da ake yi gaban maza ba ce."

"Ni da muka sha nono ɗaya kin kasa faɗa min. To su kansilolin, a mitin ɗin nasu duk maza ne. Wa zai faɗa?"

Kawu ya ci gaba da magana.

"Malamai sun yi saɓani kan babban shugabanci, gaskiya ne. Amma matan sahabbai sun ba da shawara, an kuma ɗauka. In yarinyar nan ta tsare mutuncinta, ni ban ga laifi ba."

Inna ta daɗe tana murza carbi, sannan ta harari Auta.

"Kai kuma ka ƙura min ido! Tashi ka kira ta. Akwai abin da zan faɗa mata, kuma ba da kai ba."

Auta ya sauke ajiyar zuciya, ya fita da takalmi ɗaya nasa, ɗaya na Kawu.

An ɗaura aure a ranar da aka sa. Haƙuri da biyayya sun yi rana. Kafin ka ce addini ya hana, je ka tambayi masu ilimi.