Mai Kushe Gidansu

Awaisu ya fara ganin Raudatu ne a ranar da ya kusa gajiya da ganin gidaje.

Shekarar nan masara da waken suya sun yi masa kyau a Maska, sai ya ƙudura zai mallaki gida a Funtua. Dillali Malam Maiwada ya ɗora shi a bayan babur suka yi ta zagaye. Sun shiga wani sabon gida mai tayil har bango, Awaisu ya tuɓe takalmi tun daga waje don kada ya ɓata wa mutane wuri. Sun hau wani mai bene, ya riƙe ƙarfen baranda gam, yana hango gari shimfiɗe har bakin gonaki. Ko'ina sai ya ce, "Ikon Allah!" Da sun fito kuma sai ya ce, "Malam, akwai wani?"

"Kai komai burge ka yake yi, amma ba ka saye," in ji Malam Maiwada. "Saura guda, tsohon gida ne na gado. Sai dai ka toshe kunnenka in mun shiga."

Suna shiga zauren, wani sanyi ya sauko wa Awaisu kamar an yayyafa masa ruwan randa. Ya ɗaga kai. Rufin ƙasa ne mai ɗaurin guga, ya lanƙwasa daga kusurwa huɗu ya haɗu a tsakiya, babu ginshiƙi ko ɗaya. Ya saki baki yana kallo, har hularsa ta faɗi.

Wata budurwa ce ta ɗauko masa, riƙe da makullai, fuska a ɗaure.

"Sannunku da zuwa. Malam, ga hularka. Ka daina kallon rufin nan, yoyo yake yi da damina."

"Ta ina, ranki ya daɗe?"

Ta nuna wani wuri can sama. Ya duba, bai ga ko tabon ruwa ba.

Suka fita tsakar gida. Wani ƙaton mangwaro ya rufe rabin gidan da inuwa, ga rijiya a gefensa.

"Jemagu ne fal a bishiyar nan, ba sa barin kowa ya runtsa. Rijiyar kuwa zurfi gare ta, kafin guga ya iso hannunka ya yi kanta."

Awaisu ya zura guga, ya ɗebo, ya kurɓa da tafin hannu. Ya lumshe ido. "Ikon Allah! Wa ya haƙa wannan?"

"Kakana," ta faɗa da sauri, muryarta ta yi laushi ba ta sani ba. Sai ta gyara. "Ai ruwan na sa mura."

"Raudatu, ki ji tsoron Allah!" in ji Malam Maiwada. "Kin kore mini masu saye kaf, yau ma za ki fara?"

Dariya ta kuɓuce mata, ta rufe baki da mayafi. Daga nan Awaisu ya manta da rufin ɗaurin guga.

A hanya dillalin ya ba shi labari. Mahaifinta ya rasu, magada sun yarda a sayar a raba. Mahaifiyarta, Hajiya Hajo, za ta koma wajen babban ɗanta a Malumfashi. Raudatu ce auta, ita kaɗai ta ƙi saduda. Ga kuma wani ɗan kasuwa, Mannir, ya matsa zai saya ya rushe ya jera shaguna, kuma ya nuna yana son yarinyar ma.

Awaisu ya karɓi lambarta, wai don tambayar gida. Da yamma ya zauna ya harhaɗa saƙo, yana gogewa yana sakewa.

"Salamu alaikum. Ni ne wanda hularsa ta faɗi. Don Allah akwai sauran aibin gidan da ba ki faɗa mini ba?"

Ta amsa: "Akwai. A gindin mangwaron aka binne cibiyata. Duk wanda ya saya, da ni a ciki."

Ya karanta ya sake karantawa. Ya rubuta: "To ai shi nake nema."

Daga nan ya zama kullum da abin da ya manta bai duba ba. Yau indararo, gobe murfin rijiya. Hajiya Hajo kan shimfiɗa masa tabarma a zaure ta koma ciki tana murmushi. Yana kiran Raudatu Mai Kushe, ita kuma tana kiransa Malam Ikon Allah.

Sai wata rana ta daina amsa saƙo. Ya jira, ya gaji, ya rubuta: "Mai Kushe, me na yi?"

"Allah ya ba ku zaman lafiya kai da amaryarka. Malam Maiwada ya ce don ita za ka sayi gidan. Roƙona ɗaya, kada ta sare mangwaron."

Awaisu ya hau babur bai ko sa hula ba. Ya jawo dillalin har zauren.

"Malam, wace amarya gare ni?"

"Oho, ni na sani? Duk saurayin da na kai ganin gida haka nake cewa. Wa zai sayar wa gwauro gidan mutunci?"

Raudatu na bayan labule, tana share hawaye tana dariya.

"Ban yi ƙarya ba ai," Malam Maiwada ya ƙara, yana kallon labulen. "Gaba kawai na yi da zancen."

Amma da maganar aurensu ta je Maska, sai ta ci karo. Mahaifin Awaisu, Malam Sada, ya saurare shi har ƙarshe, sannan ya girgiza kai.

"Awaisu, mace ake kaiwa gidan miji. Kai kuma za ka kwashi kayanka ka shiga gidan da aka haife ta? Gobe a kasuwa za a ce ɗan Sada ya tare a gidan matarsa. Ta yi maka wayo ne don ta riƙe gidan ubanta. Ko gidan ko yarinyar, zaɓi ɗaya."

Awaisu bai iya musu da mahaifinsa ba. Ya faɗa wa Raudatu yadda aka yi. Amsarta ta daɗe kafin ta zo.

"Ka bi maganar Baba. Ka sayi mai tayil ɗin, ko ɗaki ɗaya ne ma a Maska zan zauna. Mannir ya rushe. Zan ɗebi ƙwallon mangwaron in tafi da shi."

Ya nuna wa mahaifinsa saƙon. Tsohon ya karanta, ya miƙa masa wayarsa. Washegari ya sa babbar rigarsa ya hau mota zuwa Funtua shi kaɗai, ya nemi Malam Maiwada ya ce a kai shi ya gani, kada kuma a faɗi ko shi wane ne.

A zauren ya tsaya cak, ya ɗaga kai, ya dafe hularsa da hannu. Ya jima a haka.

Raudatu ta fito da makullai, idanunta a kumbure. Ta durƙusa ta gaishe shi, ta ɗauka wani mai saye ne.

"Baba, rufin nan yoyo yake yi."

"To."

"Akwai jemagu. Ruwan rijiyar kuma yana sa mura."

"'Yata, kowa ya zo haka kike faɗa masa?"

"Kowa, Baba."

"Ba wanda kika taɓa yaba wa gidan don ya saya?"

Ta sunkuyar da kai. "Ko wanda nake so ma kushe masa na yi. Shi ne dai bai ji ba."

Malam Sada ya je ya zura guga da kansa, ya kurɓa. Ya dubi mangwaron tun daga saiwa har ƙoli.

"Ikon Allah," ya ce a hankali.

Raudatu ta ɗago a firgice. Muryar Awaisu ce, sak. Ta ja mayafi ta rufe fuska ta ruga ciki, makullan suka zube a ƙasa. Malam Maiwada ya yi dariya har da riƙe ciki.

Malam Sada ya nemi ganin Hajiya Hajo, suka gaisa ta bayan labule.

"Hajiya, gidan da aka gina haka ba a ba mai rushewa. Ɗana zai saya. Amma ina da sharaɗi. Ku tashi gaba ɗaya ku koma Malumfashi, har da ita, har da cokalinta. Can za mu zo neman aure. Daga can za a kawo mana ita gidan mijinta, kamar kowace amarya."

Haka kuwa aka yi. Magada suka amince da Awaisu, Mannir ya nemi fili a bakin titi. Aka ɗaura aure a Malumfashi bayan sallar Juma'a, da la'asar motocin kai amarya suka ɗauko hanyar Funtua ana guɗa.

A ƙofar gida wata gwaggon ango ta kama hannunta. "Shiga da ƙafar dama, 'yar nan. A hankali, akwai tudu a nan, ba ki san gidan ba."

Mata suka kwashe da dariya. Raudatu kuwa kuka take yi na gaske a cikin lulluɓi, ta taka dokin ƙofar da ta yi rarrafe a kansa, da bisimilla, kamar baƙuwa.

Da jama'a suka watse, Awaisu ya same ta a gindin mangwaron, ta dafa bishiyar da tafin hannunta mai lalle.

"Amarya, ya kika ga gidan mijinki?"

Ta dubi zauren, ta dubi rijiyar, ta dube shi.

"Na duba ko'ina, Malam Ikon Allah. Ban ga aibi ko ɗaya ba."

Allah ya sanya albarka a zamansu, ya cika tsakar gidan da 'ya'ya masu shan inuwar mangwaron nan.